Darasi na Sha Ɗaya: Sabuwar Kwamfutar Wasa, Batirinta da Fuskarta

A 'yan shekarun nan kwamfutar tafi-da-gidanka da aka ƙera don wasanni ta wuce hannun masu wasa kaɗai. Mai haɗa bidiyon biki yana sayenta, mai tace fim a Kano yana sayenta, haka ɗalibin injiniya ko na zanen gine-gine da aka ce lallai sai ya iya AutoCAD, da mai zana allunan talla da katunan ɗaurin aure. Ƙarfin da ke tafiyar da wasa mai nauyi shi ne ke tafiyar da waɗannan ayyuka, kuma sau da yawa ta fi wadda aka ƙera musamman don ƙwararru sauƙin kuɗi. Sunayen da za ka ji a bakin 'yan kasuwa, ko a Farm Centre ta Kano ko a Computer Village ta Ikeja, ba su da yawa: ROG da TUF na kamfanin ASUS, Legion da LOQ na Lenovo, Omen da Victus na HP, Predator da Nitro na Acer, Alienware na Dell, sai MSI.

Wanda duk ya sayi irinta, da wuya ya yi mako guda bai zo da ƙorafi ba. Wani ya ce batir ba ya jimawa, wani ya ce fanka ta cika ƙara kuma jikin kwamfutar zafi kamar zai ƙona hannu, wani kuma ya ce launin da ya gani a fuskarta ba shi ne ya fito a takarda ba. Galibin waɗannan matsaloli tushensu ɗaya ne, wato wuta: nawa kwamfutar ke ci, daga ina take samunta, kuma ina zafin da ta haifar yake tafiya. Idan ka fahimci wannan, sauran saituna za su zo maka da sauƙi, ba sai ka haddace su ba.

Abin da ya bambanta ta da kwamfutar ofis

Kwamfutar ofis tana da firosesa guda, kuma a cikin firosesar akwai ɗan ƙaramin sashe da ke zana abin da ake gani a fuska. Ya isa rubutu, da lissafi a Excel, da kallon fim. Ta wasa kuwa, ban da wannan, tana da wani guntu na daban wanda zana hoto ne kawai aikinsa. 'Yan kasuwa suna ce masa katin hoto, ko GPU. Yawancin waɗanda ke kasuwa na kamfanin NVIDIA ne, masu suna GeForce RTX, sai na AMD masu suna Radeon. Katin yana da memori nasa na kansa: RTX 4050 yana da gigabait 6, RTX 4060 yana da 8. Wannan kati shi ne tsadar kwamfutar, saboda shi aka sa mata fankoki biyu da bututun tagulla masu kwashe zafi, kuma shi ne babban mai cin wutarta.

Juya cajarka ka karanta abin da aka rubuta a jikinta. Cajar kwamfutar ofis wat 45 ce ko 65. Ta kwamfutar wasa kan kai wat 170, 230, 280, wata har 330, shi ya sa take da girma da nauyi.

Akwai abin da kwali ba ya faɗa da babban baƙi. NVIDIA ta bar wa masu ƙera kwamfutoci zaɓin yawan wutar da za su ba katin. RTX 4060 na kwamfutar tafi-da-gidanka ana iya ba shi daga wat 35 har zuwa 115. Ke nan za ka iya ajiye kwamfutoci biyu, kowacce an rubuta RTX 4060 a jikinta, amma siririyar an rage wa katinta wuta don kada ta yi zafi, mai kaurin kuma an sake masa mara. A wasa ɗaya ko a tace bidiyo ɗaya ba za su yi gudu ɗaya ba. Don haka in ka je saye, bayan sunan katin ka tambayi wat nawa aka ba shi.

Ranar farko

Tun a shago, kafin kuɗi su bar hannunka, ka kunna ta. Danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe, ka shiga shafin Performance. A nan kwamfutar da kanta za ta faɗa maka sunan firosesarta, da yawan RAM, da sunan katin hoto, sai ka gwada da abin da aka faɗa maka. Wannan ya fi muhimmanci idan ta hannu ce, wadda ake kira tokumbo. RAM na gigabait 8 ya yi kaɗan ga irin wannan kwamfuta a yau, 16 shi ne daidai. Yawancinsu ana iya buɗe su a ƙara RAM ko SSD na biyu, amma wasu sirara RAM ɗinsu a liƙe yake, abin da ka saya da shi za ka zauna.

Da ka isa gida, jona ta da caja kafin komai, domin aikin farko mai tsawo ne kuma ba a son wuta ta yanke a tsakiyarsa. Bar Windows Update ya gama abin da zai yi, ko da zai kashe ta ya kunna sau da yawa. Idan ya zo ga sabunta BIOS, kada ka taɓa ta, kada ka cire caja, har sai ta dawo da kanta. Bayan nan ka sabunta ƙaramar manhajar da ke tafiyar da katin hoto, wadda masu gyara ke kira direba, kuma daga shafin NVIDIA ko AMD ko na kamfanin da ya ƙera kwamfutar za ka ɗauko ta. Duk wannan yana cin data sosai, gara a yi shi inda akwai Wi-Fi. In kuwa da wayarka kake ba ta intanet, to bayan an gama ka shiga saitin hanyar sadarwar ka kunna Metered connection, don kada Windows ya riƙa zuƙe datarka a ɓoye. Ka kuma duba wane Windows ne a kai. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, saboda haka Windows 11 ya kamata ka gani.

Abu guda da sababbin masu kwamfuta ke tsallakewa, kuma yakan jawo kuka daga baya, shi ne mabuɗin BitLocker. Sababbin kwamfutoci da yawa suna kulle abin da ke cikin SSD da kansu da zarar ka shiga da asusun Microsoft. Wata rana, bayan an sabunta BIOS ko an yi gyara, sai shuɗin shafi ya fito yana neman lamba mai alƙaluma 48. Lambar tana cikin asusun Microsoft da aka fara shiga da shi. Idan yaron shago ne ya buɗe maka kwamfutar da nasa asusun, mabuɗin yana wurinsa, kai ba ka da shi. Yi amfani da imel ɗinka, ka nemo lambar tun yau, ka rubuta ta a takarda ka adana inda kake adana takardun gida.

Kowane kamfani yana da manhajarsa ta sarrafa fanka da wuta da batir: Armoury Crate da MyASUS a ASUS, Lenovo Vantage a Lenovo, Omen Gaming Hub a HP. Ita kam ka bar ta, za mu yi aiki da ita nan gaba. Sauran manhajojin talla da rigakafin gwaji na wata guda ka cire su, Windows Security da ke zuwa tare da Windows ya ishi mai amfani na yau da kullum.

Za a yi maka tayin a cika maka kwamfutar da wasanni da manhajojin da aka fasa, a kuɗi kaɗan. Na san abin da ke jan mutane, domin wasa guda na iya wuce gigabait 100, ga tsadar data. Duk da haka ban ba ka shawarar karɓa ba. Kafin a girka fasasshiyar manhaja yawanci sai an kashe rigakafi, kuma ta wannan ƙofa ake shigo da ɓarayin manhajoji masu kwashe kalmomin sirri, ko masu sa katin hoto haƙar kuɗin kirifto wa wani can, kai kana mamakin abin da ya sa fanka ba ta hutawa. Akwai wasannin da ake samu kyauta ta halal, kamar eFootball, kuma shagon wasanni na Steam yana ba da damar kwafo fayilolin wasa daga kwamfutar abokinka in kai ma ka mallaki wasan, ba sai ka sake sauke shi ba.

Hira a kan batir

Karanta wannan hira tsakanin wa da ƙanensa. Wan ya daɗe yana tace bidiyo, ƙanen kuwa sabon shiga ne.

"Yaya, ni fa ina ga an cuce ni a kwamfutar nan."

"Subhanallahi. Me ta yi maka, Auta?"

"Jiya da daddare aka ɗauke wuta ina tsakiyar buga ƙwallo. Batir cike yake fal, amma ko awa ɗaya da rabi ba a yi ba ta mutu. Kuma tun da wutar ta tafi 'yan wasan suka fara tafiya da ƙyar, kamar ba ita ba."

"A kwali awa nawa suka rubuta?"

"Har awa takwas, in ji su."

"Batirin wat-awa nawa ne?"

"Mai shago ya ce 60."

"Cajar fa?"

"An rubuta 230."

"To ai ka ba kanka amsa. Abin da ke neman wat ɗari biyu da ɗoriya, ka bar shi da ajiyar 60, ina za ta kai shi?"

"Ke nan awa takwas ɗin ƙarya ce, Yaya?"

"Ba ƙarya ba ce, sai dai ba da wasa suka gwada ba. Sun rage haske, katin hoto yana barci, aiki mara nauyi kawai take yi. Kawo ta nan in nuna maka inda ake saitawa."

Lissafin da ke bayan hirar

Ɗauki batir a matsayin randa. Wat-awa, wanda ake rubutawa Wh, shi ne yawan ruwan da randar ke ɗauka, wat kuwa shi ne saurin ɗiba. Raba na farko da na biyu, ka sami awannin da batir zai yi.

Batirin Auta wat-awa 60 ne. In yana rubutu kawai, haske a rage, katin hoto a kashe, kwamfutar na iya cin kamar wat 8. Raba 60 da 8, ka sami awa bakwai da rabi, kusan abin da ke kwali. In katin hoto ya farka, haske ya kai ƙarshe, fitilun kibod suna walƙiya, cin na iya kaiwa wat 20, awa uku ke nan, alhali rubutun nan dai yake yi. In kuma wasa ya kunna tana cin wat 50, to 60 a raba da 50 awa ɗaya ne da minti 12. Babu abin da ya lalace a kwamfutar.

Wani zai ce me ya hana su sa batir babba? Dokar sufurin jiragen sama ce ta tsaya musu. Batirin litiyam da fasinja zai shiga jirgi da shi ba tare da neman izinin kamfanin jirgin ba, bai kamata ya wuce wat-awa 100 ba. Shi ya sa mafi girman da za ka gani a kwamfutar tafi-da-gidanka shi ne 99.9. Ko shi ɗin, a kan wat 50, awa biyu zai yi.

Tafiyar hawainiya da 'yan wasan Auta suka koma yi ma tana da dalili. Batir ba zai iya fitar da wutar da caja ke bayarwa ba, don haka da an cire caja kwamfutar take rage wa firosesa da kati ƙarfi. NVIDIA ma tana da saiti mai suna Battery Boost wanda ke tsayar da wasa a hotuna 30 a sakan don batir ya ɗan ja. A ganina wasa mai nauyi ko fitar da bidiyo a kan batir asara biyu ce: aikin ba ya yin kyau, batirin kuma yana shan zafi yana tsufa da wuri.

Babban abin da ke ƙara awanni shi ne a tabbatar katin hoto yana barci lokacin da ba a bukatarsa. Tun 2010 NVIDIA ta fito da tsarin da ta kira Optimus: ƙaramin sashen cikin firosesa ne ke riƙe da fuska, babban katin sai an kira shi yake tashi. Kwamfutoci da yawa kuma suna da makunnin da ake kira MUX, wanda ke haɗa babban katin da fuska kai tsaye, wasa ya ƙara gudu, amma katin ba ya sake barci. A ASUS wannan shi ne Ultimate, Eco kuma yana kashe katin gaba ɗaya. A Lenovo ana ce wa tsarin katuna biyun Hybrid Mode. Mutane da yawa suna kunna na gudun a ranar farko don ɗoki, su manta, sannan su zauna suna zargin batir. Kafin ka fita da ita aji ko ofis, mayar da ita Eco ko Hybrid, ka rage haske zuwa rabi, ka kashe fitilun kibod. Yanayin fanka ma ana sauya shi da maɓallai biyu, Fn da Q a Legion, Fn da F5 a yawancin ROG da TUF.

Cajar USB-C ta wat 65 ko 100 tana iya cajin wasu daga cikin waɗannan kwamfutoci, kuma ta ishi aikin rubutu a tafiya. Ba ta isa wasa ba, za ka ga batir yana sauka ga caja a jone.

Yadda batir zai yi tsawon rai

Abubuwa biyu ke tsufar da batirin litiyam da sauri: zafi, da zama a cike fal dare da rana. Kwamfutar wasa kuwa ta haɗa su duka, tun da a kan caja take yini kuma cikinta zafi ne. Saboda haka kamfanonin suka sa saitin tsayar da caji kafin ya cika. A MyASUS za ka iya tsayar da shi a kashi 80 cikin ɗari, a Lenovo Vantage sunansa Conservation Mode. Wanda ke da wuta tsayayya, ko sola, ya kunna shi. Wanda kuwa unguwarsu sai a yini ba a kawo wuta ba, kuma da batirin yake karatu, ba laifi ya bar shi ya cika, domin don amfani aka saye shi. Abin da kowa zai guje wa shi ne barin batir ya riƙa mutuwa murus, ko a ajiye kwamfutar watanni babu ko ɗigon caji.

Don sanin lafiyar batir, buɗe Command Prompt ka rubuta powercfg /batteryreport. Zai ajiye maka rahoto. Nemi layuka biyu: Design Capacity, wato abin da batirin ke ɗauka yana sabo, da Full Charge Capacity, abin da yake ɗauka yanzu. In na farko 90,000 ne na biyu 63,000, saura kashi 70 cikin ɗari na ƙarfinsa. Mai sayen tokumbo ya yi wannan gwaji a gaban mai shago, ya yi ciniki da shi.

Kada ka rufe murfi kawai ka jefa ta a jaka. Windows na iya farkawa a cikin jakar, babu iska, ka ciro ta da zafi rau batir ya ƙare. Kashe ta gaba ɗaya. In kuma ka ga wurin shafa yatsa ya taso, ko ƙasan kwamfutar ya buɗe baki, batir ne ya kumbura. Daina caji nan take, kada ka danna shi ko ka huda shi, kai ta a canza.

Wutarmu da zafinmu

Cajojin nan suna karɓar wuta daga bolt 100 zuwa 240, an rubuta a jikinsu, saboda haka wadda ta zo daga Amurka tana aiki da wutarmu ta 230. Wayar da ke shiga bango kawai za ka canza zuwa mai ƙafa uku, ka bar ɗan adaftan nan mai rawa a soket, domin tartsatsi yake yi. Lokacin da ake sauyawa daga janareto zuwa NEPA, ko wuta ta dawo da ƙarfi, cire caja ka ɗan jira.

Masu inbata su yi lissafi. Batir mai bolt 12 da am-awa 100 yana ɗauke da wat-awa 1,200, amma irin na ruwa rabi kawai ake so a ci don ya daɗe, wato 600. Kwamfuta mai cin wat 150 a wasa za ta cinye wannan cikin awa huɗu, ƙasa da haka ma in aka cire abin da inbatar kanta ke ci, ga fankar ɗaki da fitilu suna jira. A mitar kati, awa huɗun nan yunit 0.6 ne.

Masu ƙera kwamfutoci galibi suna rubuta cewa zafin ɗakin da za a yi aiki da ita kada ya wuce digiri 35. A Kano da Sakkwato da Maiduguri, a watan Afrilu, zafin rana yana haura 40. Firosesa ta kai digiri 90 a tsakiyar wasa ba abin tsoro ba ne, an ƙera ta da sanin haka, kuma in ta kusa iyakarta da kanta take rage gudu. Abin da ke hannunka shi ne iska. Ta ƙasa kwamfutar ke shaƙa, ta baya da gefe take fitarwa, don haka katifa da kafet da filo toshe ta suke yi. Ɗora ta a tebur, ka ɗaga bayanta kamar faɗin yatsa biyu ko uku, ka bar aiki mai nauyi zuwa safiya ko dare in akwai hali. Bayan hunturu a buɗe ta a share ƙurar da ta liƙe a fankoki, kuma mai hurawa ya riƙe fankar da yatsa don kada iska ta juya ta fiye da kima. In mai gyara ya ce zai canza man da ke kan firosesa, ka faɗa masa cewa ASUS tana sa narkakken ƙarfe maimakon man a ROG da yawa tun 2020. Lantarki na bi ta cikin wannan ƙarfe, ɗigo guda a kan allon ciki na iya kashe kwamfutar.

Fuska

Lambar farko da ake tallata fuska da ita ita ce yawan ɗigogin da ke haɗa hoto. Mai 1920 × 1080 tana da ɗigo 2,073,600. Mai 2560 × 1440 tana da 3,686,400. Wadda ake kira 4K, wato 3840 × 2160, tana da 8,294,400, ninki huɗu na ta farko. Kowane ɗigo katin hoto ne zai zana shi, sau da yawa a kowane sakan, saboda haka ƙarin ɗigo ƙarin aiki ne, ƙarin wuta, ƙarin zafi. Kati irin RTX 3050 ko 4050 ya fi dacewa da 1080. Daga 4060 zuwa sama ne 1440 ke da ma'ana. A fuska mai inci 15 ko 16, ban ga abin da 4K zai ƙara wa mai wasa ba wanda ya kai kuɗinsa da batirinsa. Masu tace bidiyo da masu rubutu su lura da fuska mai fasalin 16:10, kamar 1920 × 1200. Ta fi 16:9 tsayi kaɗan, kuma wannan ɗan ƙarin layukan aiki ne.

Lamba ta biyu ita ce Hz, wato sau nawa fuska ke sabunta hoto a sakan. Mai 60 tana canza hoto kusan kowane kashi 17 cikin dubu na sakan, mai 144 kusan kowane kashi 7. A wasan harbi ko tsere ido yana ganin bambancin sarai. Sai dai fuska ba ta nuna abin da kati bai zana ba: in katin hotuna 50 yake fitarwa a sakan, fuska mai 240 ba za ta mayar da su 240 ba. Shiga Settings, sai System, sai Display, sai Advanced display, ka ga a kan nawa take, domin wani lokaci ka sayi mai 144 amma tana zaune a 60. A kan batir kuwa da gangan za ka mayar da ita 60.

Lamba ta uku ba a cika faɗinta ba, kuma ita ce ta fi shafar wanda ya sayi kwamfutar don neman abinci. Kwamfutocin wasa masu sauƙin kuɗi da yawa suna zuwa da fuska mai 144Hz, amma a takardar bayaninta an rubuta 45% NTSC. Irin wannan fuska kusan kashi biyu cikin uku kawai take iya nunawa na launukan sRGB, ma'aunin da hotunan intanet da yawancin wayoyi ke bi. Ja yana fitowa a koɗe, kore ya yi fari-fari. Mai wasa zai iya haƙuri da ita. Mai zana katin biki kuwa zai ga jan atamfar amarya bai fito ba, ya ƙara masa ƙarfi har ya gamsu, ya tura wa mai aiki, a wayar mai aikin kuma jan ya yi yawa har ya ɓata fuskar amaryar. Wanda sana'arsa launi ce ya nemi 100% sRGB, ko 72% NTSC wanda kusan daidai suke. In ka riga ka saya, mafita ita ce ka haɗa ta da fuskar tebur mai kyau ta HDMI, ka kuma riƙa duba aikinka a waya kafin ka miƙa. Ka dai sani cewa a kwamfutocin wasa da yawa ramin HDMI da babban katin yake haɗe, da ka jona zai farka.

Haske ana auna shi da nit. Mai 250 tana wahalar gani a zaure ko kusa da taga da rana, 300 shi ne mafi ƙarancin da zan yarda da shi, 500 kuwa ko a ina ta yi.

Yawancin fuskokin nan IPS ne, fitila ce a baya take haska su, launinsu ba ya canzawa in ka kalla daga gefe. A OLED kowane ɗigo da haskensa, baƙi kuwa ɗigon ne a kashe, shi ya sa hotonta ke da zurfi, kuma baƙin shafi yana rage mata cin wuta. Amma tana da tsada, yawanci tana da sheƙi mai maido hasken taga, kuma abin da ya daɗe a wuri ɗaya, kamar layin ƙasa na Windows, na iya barin tabo bayan dogon amfani. Mai OLED ya ɓoye wannan layi, ya sa fuska ta riƙa mutuwa bayan 'yan mintuna in ba a aiki.

Gwajin fuska a shago ba ya cin minti biyar. Cika ta da fari, sannan baƙi, sannan ja, kore, shuɗi, kana dubawa kusa-kusa. Ɗigon da ya ƙi canza launi matacce ne ko maƙalalle, kuma ba ya gyaruwa da gogewa. A kan baƙin, ka kare hasken shago da hannu ka dubi kusurwoyi. Ɗan haske kaɗan a gefen IPS ba aibi ba ne, amma babban fari kamar an haska tocila dalili ne na neman wata. A gida kuma, daga tsakiya ake buɗe murfi, ba a ɗaga kwamfuta ta fuskarta, kuma da ƙyalle mai laushi ake gogewa bayan an kashe ta, ba tare da an fesa ruwa a kanta kai tsaye ba.

Aiki

1. Batir mai wat-awa 76 yana cikin kwamfutar da ke cin wat 9.5 a rubutu, wat 38 a tace hoto. Awa nawa zai yi a kowanne?

2. Rahoton batir ya nuna 80,000 a layin farko, 52,000 a na biyu. Kashi nawa cikin ɗari ya rage? In kai ne mai saye, me za ka ce wa mai shago?

3. Wata ɗaliba tana zana katunan biki, kuɗinta ya kai ɗaya daga cikin biyu: RTX 4060 da fuska mai 45% NTSC, ko RTX 4050 da fuska mai 100% sRGB. Ku tattauna biyu-biyu wadda ta fi dacewa da ita, ku kawo dalili.

4. A mako mai zuwa, duk mai kwamfuta ko mai iya aron ta ɗan'uwa ya zo da lambobi huɗu a rubuce: wat ɗin caja, wat-awa na batir, Hz ɗin da fuskar ke kai yanzu, da kashin da ya rage na lafiyar batir.